Surukina da Akwatin Danja

Na Allah muke, wurinsa za mu koma, kuma surukina, Baba, ya riga mu tafiya. Kwana uku muka yi a zauren gidansa a Kwarbai muna karɓar gaisuwa, a nan ne na gane ban san ko rabin mutanen da suka san shi ba. Malaman unguwa da tsofaffin ma'aikata sun zo, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma sai ga direbobin bas ƙungiya guda, sai ga 'yan ga-ruwa sun jera kurayensu har sun toshe lungu, sai ga tsofaffin mata na ƙauye da ba wanda ya san su, suna tuɓe takalma suna wucewa cikin gida wurin Inna, matarsa. Wani direba ya zauna kusa da ni yana ba da labarin ranar da Baba ya tsayar da shi cikin rana, ya sa kowa ya wuce ban da shi, don kawai ya danna wa wata tsohuwa hon. Yana faɗa yana dariya, hawaye kuma yana zuba a gemunsa.

Baffa, ƙanin marigayin, bai yi kuka a gaban mutane ba. Duk wanda ya ce masa Baba mutumin kirki ne, sai ya gyaɗa kai ya ƙara da cewa ai kuma ga taurin kai. Wasu suka ji abin wani iri. Ni dai na san yabo yake yi.

'Ya'yana sun san kakansu a matsayin tsoho mai ciwon baya da ke ajiye musu dabino a aljihu. Ba su san yadda aka yi bayansa ya lalace ba, kuma da hannuna a ciki. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan.

Baba ya fara da aikin ɗan doka tun yana saurayi, daga baya ya koma ba da hannu a titi. Ya fi shekara ashirin a mararrabar da ke bakin ƙofar birni, inda hanyar cikin gari take haɗuwa da babban titin da tireloli ke bi. Shi yake goge kakinsa da kansa da dutsen guga na gawayi, don a cewarsa Inna ba ta iya fitar da kari ba, ita kuma ta ce madalla, aiki ya ragu. Ba ya karɓar ko goro a hannun direba. Usur ɗinsa ma ba kasafai yake busawa ba, harara ɗaya ta isa. Idan ababen hawa suka taru ta kowane ɓangare, masu ƙafa yake fara sallama, direbobi su yi ta ƙunƙuni. Amsarsa ɗaya ce kullum: mai mota a zaune yake jira, mai ƙafa a tsaye.

Ni kuwa 'yarsa ta fari na aura. Wanda ya tashi a birnin Zazzau ya san abin da wannan ke nufi. Ita kanta ba ya kiran sunanta, yarinyar nan yake cewa, balle ni. Idan na je gaisuwa, tun daga bakin zaure nake cire takalmi, in durƙusa daga nesa, in tambayi lafiya da aiki, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Idan na taso daga gidanmu a Ƙofar Gayan a kan babur, gara in yi zagaye mai nisa da in bi ta mararrabarsa ya zama shi ne zai ba ni hannu. Shekara tara muna haka, kuma kowa na yaba mana.

A ƙarshen shekarun tamanin aka kawo danja mai kwamfuta don gwaji, aka kuma zaɓi mararrabar Baba. Ni ma'aikacin lantarki ne a ofishin da ke kula da tituna, sai aka ce ni zan riƙa duba ta. Wani injiniya na kamfanin da ya yi kwangilar ya koya mini aikin a mako biyu, ya koma Legas. An kafa akwatin ƙarfe mai kai wa mutum kafaɗa a gefen titi, kwamfutar tana ciki. An tsaga kwalta a kowace hanya an binne waya, ta yadda idan mota ta tsaya a kai, wayar za ta ji ƙarfenta ta sanar da kwamfuta, ita kuma ta ba hanyar kore. Hanyar da babu mota, sai ta bar ta a ja. Na ga abin ya burge ni ƙwarai, har na riƙa yi wa abokai bayani a majalisa ko ba su tambaya ba. Baba kuwa aka ce ya koma gefe ya tsaya, sai in an ɗauke wuta, kafin lokacin ritayarsa ya yi.

Abin da injiniyan bai sani ba, ni kuma da na sani ban yi tunaninsa ba, shi ne mutanen birni ba da mota suke fitowa ba. Keke ne, da jaki, da kura, da ƙafa. Wayar da ke cikin kwalta ba ta jin ko ɗaya. A wurin kwamfuta, hanyar birni wayam take. Sai ta riƙe babban titi a kore, mutane su cika bakin ƙofa suna jira har Allah ya kawo wata tasi ta fito daga cikin gari. Idan koren ya zo ma, sakan goma sha biyu ne, iyakar abin da mota biyu za su wuce. Saurayi zai iya tsallakewa da gudu, tsohuwa mai kaya a ka ba ta kaiwa ko tsakiya. Da mutane suka gaji, sai suka fara kutsawa cikin ja.

Baba ya ga haka tun makon farko, ya kuma aiko mini da saƙo. Daga baya na bi diddigin yadda saƙon ya yi tafiya. Ya ce wa Inna a gaya wa mijin yarinyar nan akwatinsa zai kashe mutum. Inna ta ga wannan magana ta yi nauyi a kai wa suruki, sai ta ce wa matata Baba ya ce akwatin nan yana son a ɗan duba shi. Matata kuma ta ga ba za ta zo ta ce ubanta ya kushe aikin mijinta ba, sai ta ce mini Baba yana gaishe ni, yana tambayar yaya aikin akwati. Na ji daɗi har kaina ya yi girma. Na ce a gaya masa alhamdulillahi, akwati lafiya lau. Wannan amsar ita ce ta isa gare shi ba a rage ko harafi ba. Sau uku ana haka.

Sai ranar wata Alhamis bas ta buge wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Ta daɗe tana jira, ta ga rana na yi, ta shiga. Baba ne ya ɗauke ta daga kan kwalta. Ba ta mutu ba, amma ƙugunta ya karye, ba ta sake takawa ba. A rahoton ofis na rubuta cewa ta tsallaka cikin ja, kuma gaskiya ne. Har yau idan na tuna wannan rahoton sai na ji kunya ta kama ni.

Ashe duk tsayuwar da Baba yake yi a gefe, kallo yake yi. Ya lura cewa idan ɗan ga-ruwa ya tsayar da kurarsa cike da gwangwanaye daidai kan tsagin kwaltar nan, wani lokaci fitila takan canza. Ba wanda ya yi masa bayanin waya, da kansa ya gane ƙarfe abin yake so. Ya je wurin wani bakanike ya samo tsohuwar ƙofar tasi, ya huda ta, ya ɗaura mata igiya. Da zarar mutane sun taru a bakin ƙofa, sai ya jawo ƙofar nan ƙiiii ya ɗora kan tsagin, kwamfuta ta ɗauka mota ce ta zo, ta ba da kore. Ya janye, ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga hannu ya riƙe tireloli har mai tafiyar ƙarshe ya haye. Bayan 'yan mintoci ya sake jawowa. Tun safe har la'asar, mutumin da ya haura sittin.

Gari ya ɗauka. Direbobi suka sa masa suna mai ƙofa, wasu suna cewa tsufa ya fara taɓa shi. A ofis kuwa ni aka sa a gaba, wai surukina ya buɗe kamfanin gyaran kwamfuta. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma in faɗi gaskiya ba don tsohuwar nan ya ɓaci ba, don kaina ne. Na sami Baffa na roƙe shi ya ce wa Baba don Allah ya bar jan ƙarfen nan, yana zubar mana da mutunci. Na manta Baffa ba Inna ba ne. Yadda na faɗa haka ya kai.

Washegari da safe ina durƙushe a bayan akwatin na buɗe ina share ƙura, sai na ji takun takalminsa. Na sha jinin jikina. Na yi niyyar in miƙe in gaishe shi, amma bai ko dubi inda nake ba. Ya tsaya a gaban akwatin, ya harɗe hannu a baya kamar yadda yake yi wa sabon kurtu, ya yi gyaran murya.

"Kai akwati, sannu da aiki," in ji shi. "Ni ne wanda ka gada a wurin nan. An ce kana da ƙwaƙwalwa, to buɗe kunnenka. Hanyan nan na birni ba na masu mota ba ne. Mutum nawa ka ga yana da mota a Kwarbai? Kai ƙarfe kawai kake gani, to mutum ba ƙarfe ba ne. Ran nan ka karya tsohuwa. In kana da mai kula da kai, ka gaya masa."

Ina durƙushe a bayan akwatin ina ji. Masu wucewa suka fara tsayawa. Na laluba aljihu na fito da biro da takarda.

Kwana shida yana zuwa yana yi wa akwati karatu, ni ina bayansa ina rubutawa. Ya gaya masa ranakun da mutanen ƙauye suke shigowa da kaya, da lokacin da ake tashi daga makarantu, da yadda hanya ke cika bayan an sauko daga Juma'a. Ya gaya masa jaki ba ya son a hanzarta shi a kan kwalta, kuma idan an fito da gawa ba a raba masu rakiya biyu. A rana ta ƙarshe ya ce wa akwatin ya duba agogonsa, sai ya taka daga wannan gefe zuwa wancan da irin tafiyar tsohuwa mai tulu a ka, yana jan ƙafa, yana ɗan tsayawa. Mutane suka yi ta dariya, shi ko a jikinsa. Na duba agogona, sakan arba'in ne. Duk kwanakin nan bai ce mini uffan ba, in ban da gaisuwar da nake yi masa ya amsa.

Na kai wa shugaban sashenmu takardar. Ya karanta, ya ce duk gaskiya ne, amma yarjejeniya ta ce ba mai taɓa tsarin kwamfutar sai injiniyan kamfani, ni aikina shara da canza fis. Ya rubuta wa Legas wasiƙa, ya sake rubutawa, shiru. Ya ce mini in na kuskura na taɓa, ni kaɗai zan ɗauki abin da ya biyo baya. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji, ni ma tsoron nake ji. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, ga ƙarin girma ina jira. Na yi wata guda ina juya maganar, Baba kuma yana ta jan ƙofa. Inna ta yi masa faɗa, Baffa ya yi, shugabansa na aiki ma ya ce ba a sa shi ba. Baba ya ce ya sani, shi ya sa kansa.

Wata safiya ina tsaye nesa kaɗan na ga ya sunkuya zai ja igiya, sai ya kasa miƙewa. Ya dafa gwiwa, ya zauna a kan ƙofar a hankali, ya runtse ido. Mutane sun fi talatin a bakin ƙofa suna jira, cikinsu da wata mai goyo. Na ce a raina yau dai ya haƙura. Sai na ga ya naɗe igiyar a hannu, ya miƙe a karkace, ya ja.

Ban san lokacin da na isa gaban akwatin ba. Na buɗe, na shiga tsarin da aka hana ni. Na gaya wa kwamfutar ta daina jiran ƙarfe a hanyar birni, duk bayan minti biyu ta ba ta kore ko da mota ko babu, kuma koren ya kai sakan arba'in, ranar Juma'a da lokacin tashi daga makaranta ya fi haka. Aikin bai ɗauke ni rabin awa ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Na rufe na koma gefe.

Baba ya kama igiya zai sake ja, sai fitila ta koma kore da kanta. Ya tsaya. Ya bari ta zagayo sau uku yana kallo, har wani makaho da sandarsa ya haye ba wanda ya riƙe masa mota. Sai ya kwance igiyarsa daga jikin ƙofar, ya naɗe ta tsaf ya sa a hammata, don igiyar Inna ce ta shanya. Ya dubi akwatin ya ce, "Madalla. Ashe kana ji." Da yamma aka aiko mini da ƙwaryar fura, matata ta ce Baba ne ya je ya sayo da kansa, ba a haɗo da wani saƙo ba.

Direbobin babban titi sun yi ta ƙorafi. Na sami takardar tuhuma, ƙarin girman nan kuma sai bayan shekara biyu na gan shi. Amma ba wanda ya mayar da tsarin, har shugabanmu da ya sa hannu a takardar. Baba ya yi ritaya da baya a karkace, ya koma zaman zaure. Muka ci gaba da gaisuwarmu ta nesa kamar ba abin da ya faru.

Damunar bana aradu ta ƙone allon kwamfutar da ke cikin akwatin. Aka kawo sabo aka sa, ya zo da tsarin kamfani na asali, sakan goma sha biyu da jiran ƙarfe. Ni an mayar da ni wani sashe tuni, amma mabuɗina yana nan, kuma na san abin da ya faru. Lokacin Baba yana kwance, muna ta zirga-zirgar asibiti da gida, na ce bari ya ɗan samu sauƙi tukuna. Mako uku ina cewa gobe. Ashe wani mai kura da ya zo dubiya ya ba shi labari.

Ranar da zai rasu, bayan azahar, na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa na gaishe shi yadda na saba. Inna da Baffa da matata suna ciki. Sai na ji ya kira sunana, sunan yanka. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Na ɗago, na ga idonsa yana kaina.

"Da gaske ne akwatin ya koma halinsa?"

Na ce da gaske ne, Baba.

"Mabuɗi yana wurinka?"

Na ce yana wurina.

"To zaman me kake yi?"

Na ce zan je, amma bari in ga yadda jikin nasa zai yi zuwa anjima. Kowa a ɗakin ya san yadda jikin yake, shi ma ya sani. Ya tattara numfashi.

"Ni ina da masu zama da ni," ya ce. "Su can ba su da kowa. Tashi."

Na dubi Inna ko za ta sa baki, ta sunkuyar da kai. Na tashi, ba don ina so ba. A hanya ina kan babur ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina. Sabon allon ba irin tsohon ba ne, sai da na yi ta lalube kafin na gane kansa, har aka kira la'asar ina durƙushe a wurin. Na gama, na rufe, na tsaya daga tsallaken babban titi don in ga ko ya kama.

Sai na hango Baffa ya fito daga ƙofar birni a kan kekensa. Fitila tana ja, ya sauka ya tsaya cikin mutane. Ya gan ni, na gan shi, tireloli suna wucewa a tsakaninmu. Bai ɗaga mini hannu ba, daga nan na san abin da ya kawo shi. Ba mota ko ɗaya a hanyar birni. Fitila ta koma kore, Baffa ya turo kekensa a hankali, yana tafiyar tsoho, ya iso inda nake kore bai ƙare ba. Ya dafa kafaɗata ya ce Yaya ya cika. Sai ya juya ya dubi fitilar, ya tambaye ni ko na gama. Na ce na gama.

Ban samu ganin cikawarsa ba, kuma wannan yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Bayan sadakar uku na sayi fenti na rubuta tsarin gaba ɗaya a cikin murfin akwatin da manyan haruffa, don duk wanda ya buɗe ya gani. Na kuma kai wa ofis takarda cewa kada a sake sa allo a mararrabar nan sai ina tsaye. Ba su amsa ba tukuna. Zan koma ranar Litinin, in ba su amsa ba in koma Talata.

Allah ka gafarta wa bawanka, ka yalwata masa makwanci, ka ba Inna da mu haƙurin rashinsa. Ya tsaya cikin rana ya jira raunana har suka haye, ya Allah ka tsallakar da shi siraɗi cikin sauƙi. Amin.